Kazar da ba a iya yankawa: shekara guda ta kiwon Brahma a wani gida a Kano

A unguwarmu da ke gefen birnin Kano mu shida ne muke kiwon kaji a bayan gida, kuma ko da yake babu wanda kajinsa suka taɓa kai ɗari a cikinmu, hirarmu ta bayan sallar la'asar ba ta cika wuce maganar tsaba da rigakafi da farashin ƙwai ba. Kusan kowannenmu yana ajiye da hotunan kajin ado a wayarsa, waɗanda ya kwaso daga zaurukan masu kiwo na Facebook, kuma akan miƙa waya daga hannu zuwa hannu ana yaba halittar Ubangiji. Sai dai a tsawon shekarun da muka yi muna wannan kallo, mutum ɗaya tak ne ya taɓa zura hannu a aljihu ya saya. Abin da ya faru a gidansa cikin shekara guda shi ne zan bayyana a nan, da yardarsa, domin daga wurinsa ne sauranmu muka samu amsar da muke bayarwa idan aka tambaye mu me ya sa muke yabon kazar da ba mu da niyyar ajiyewa.

Gidan kafin zuwan baƙin kaji

Mutumin malamin makarantar sakandare ne, don haka zan riƙa kiransa Malam kamar yadda kowa ke kiransa a layinmu. Gidansa ɗakuna uku ne da tsakar gida wadda rabinta siminti ne rabinta ƙasa, sai bishiyar darbejiya guda a kusurwar gabas. Kajin da ke gidan tun asali na uwargidansa ne, kajin Hausa ne da ba su cika wuce goma sha biyar ba, da zakaru biyu da 'yan zabi. Ba a taɓa sayo musu buhun abinci ba. Da safe takan watsa musu tsaki da dusa, ta ƙara da ƙanzo da sauran tuwon jiya da aka jiƙa, daga nan su fice su yi kiwonsu a juji da gindin katanga, magariba na yi su dawo akurki da ƙafarsu.

Idan aka ɗauki biro da takarda, wannan kaza ba ta da abin burgewa. Nauyinta ba ya wuce kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ƙwan da take yi a shekara tsakanin 40 ne zuwa 60, domin da zarar ta tara goma ko goma sha biyu sai ta kwanta a kansu kwana 21, sannan ta shafe makonni tana yawo da 'yan tsaki, waɗanda shaho da muzuru da cutar hunturu ke rage yawansu. Amma aikinta a gida ya wuce a auna shi da ƙwai, domin asusu ce mai ƙafa biyu. Yaro ya kwana da zazzaɓi, da safe a kama biyu a kai kasuwa a sayo magani; baƙo ya sauka daga ƙauye, a yanka ɗaya; maƙwabciya ta haihu, a aika mata da sagara don farfesun jego. Abin lura a nan shi ne ana iya yanka ta ko sayar da ita kowace rana ba tare da an zauna shawara ba, kuma mutuwar guda ɗaya ba ta taɓa hana kowa barci ba.

Kazar da Malam ya ƙwallafa rai a kanta ita ce Brahma. Sunan ya samo asali ne daga kogin Brahmaputra na ƙasar Indiya, amma a Amurka aka samar da irin a tsakiyar ƙarni na 19, daga wasu manyan kaji masu gashi a ƙafa da jiragen ruwa suka kawo daga tashar Shanghai ta ƙasar Sin. A shekarar 1852 wani mai kiwo, George Burnham, ya aika wa Sarauniya Victoria ta Ingila da guda tara a matsayin kyauta, kuma daga nan farashinta ya yi tashin gwauron zabi a ƙasashen biyu. Ita ce babbar kazar nama a Amurka har zuwa wajejen 1930, lokacin da kaji masu saurin girma suka ture ta gefe. Cikakken zakaranta yakan kai kilo biyar da rabi, macen kuma ta haura kilo huɗu. Gashinta mai kauri ne da ya lulluɓe ta har yatsun ƙafa, zankonta ɗan ƙarami ne da ya kwanta a ka, kuma dukkan waɗannan siffofi alheri ne ga kazar da za ta yi hunturu a ƙasar da dusar ƙanƙara ke zuba, inda dogon zanko kan daskare. Yawancinmu mun fara saninta ne ta wani bidiyo da ya karaɗe intanet a 2017, na wani ƙaton zakara a ƙasar Kosovo da ya sunkuyo ya fito daga kejinsa kamar mutum ne ya sa rigar gashi.

Sayayya da lissafin da aka yi kafin ta

Bayan ɗaukewar damina, a shekarar da aka cire tallafin man fetur, wato 2023, Malam ya yi ciniki ta waya da wani mai kiwo a Jos, aka ɗoro masa zakara ɗaya da mata biyu 'yan kimanin wata uku a cikin kwali mai huji, ya je tasha ya karɓa daga hannun direba. Kuɗin da ya biya a kan ukun nan ya isa ya sayi dukkan kajin uwargidansa har ya samu canji. Da muka yi masa magana, sai ya kawo lissafinsa, kuma gaskiya a baki lissafin ya hau. Ya ce ƙwan Brahma ɗaya ana sayar wa masu son ƙyanƙyasa a kan kuɗin da ya ninka na ƙwan ci sau da yawa, ɗan tsakonta kuwa ya fi babbar kazar Hausa tsada, don haka idan mata biyu suka ba shi ko da ƙwai ɗari biyu a shekara, kwalliya ta biya kuɗin sabulu tun kafin shekara ta zagayo. Abin da bai sa a lissafin ba shi ne Jos tana kan tsauni mai tsayin kusan mita 1,200, kuma sanyin da kajin suka taso a cikinsa ba ya biyo kwali zuwa Kano.

Watannin hunturu sun yi wa kajin daɗi, kuma su ne watannin da suka ƙara wa Malam ƙarfin gwiwa. Gashinsu ya cika ya yi sheƙi, fari mai ratsin baƙi a wuya da jela, tafiyarsu ta ƙasaita kamar ta hakimi a ranar hawa. Na ga zakaran da idona yana tsaye a ƙasa yana leƙa cikin turmi yana tsince sauran tsaki ba tare da ya yi tsalle ba, yayin da zakaran Hausa na gidan ke can gefe yana kallonsa da ido ɗaya. Ba ya faɗa, ba ya gudun mutane, ƙaramar 'yar Malam kan rungume shi ta kasa ɗagawa. Yaran unguwa suka mayar da zauren gidan wurin kallo, har da manya masu fakewa da gaisuwa.

A cikin wannan jin daɗin ne tsarin kiwon gidan ya sauya ba tare da kowa ya ankara ba. Ƙofar akurkin uwargida ta yi wa baƙin kaɗan, don haka aka kira magini da mai walda aka yi keji na bulo zuwa ƙugu, sama kuma raga, aka rufa da kwano, aka sa kwaɗo saboda ɓarayi, tunda duk unguwa ta san abin da ke ciki da kuma kuɗinsa. An saukar da sandar kwana kusa da ƙasa, domin kaza mai wannan nauyi idan tana dirowa daga sama tafin ƙafarta kan kumbura ya yi ƙurji. Sakinsu su yi kiwo a waje kuwa bai taso ba, saboda ba su da zafin naman da za su tsere wa kare ko babur, sannan Malam ba ya son zakaran Hausa ya hau matan ya ɓata iri. Kazar da aka kulle kuma dole a ciyar da ita, sai ga Malam a shagon abincin kaji yana sayen buhu mai kilo 25 a daidai lokacin da masara da waken soya suka yi tsadar da ta sa gidajen gona da dama suka rage kaji. Brahma tana cin abin da ya fi na kazar ƙwai ta gidan gona, wadda ke cin giram 110 zuwa 120 a rana ta kuma ba da ƙwai wajen 300 a shekara, alhali ita Brahma ko a ƙasar da ta dace da ita ba ta cika wuce rabin haka ba.

Akwai alheri guda da ya zo ta wannan hanya, kuma adalci ne a faɗe shi. Tsoron cutar Newcastle, wadda ke share kajin gida duk hunturu, ya kai Malam wurin likitan dabbobi a karon farko a rayuwarsa. Kwalbar rigakafin cutar, wanda ake kira Lasota, ba ta zuwa da adadin kaji uku, mafi ƙanƙantarta ta ɗari ce ko fiye, kuma dole a riƙe ta cikin sanyi, idan an haɗa ta da ruwa kuma a gama amfani da ita cikin sa'a ɗaya zuwa biyu. Don kada saura ya tafi a banza, aka tattara kajin uwargida da na gidaje huɗu na kusa aka ɗiga musu duka. A wurin likitan ne kuma muka ji cewa cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom tana yin wani nau'in rigakafin mai jure zafi da ake kira I-2, wanda aka yi musamman don kajin ƙauye. A hunturun nan layinmu bai ga irin mutuwar da ya saba gani ba, kuma har yau muna haɗa kuɗi muna yi tare.

Ƙwai da 'yan tsaki

Matan ba su fara ƙwai ba sai ƙarshen Fabrairu, suna da kusan wata takwas, lokacin da iskar hunturu ta riga ta janye. Ɗaukar hayar gurbi a injin ƙyanƙyasa ba ta kwanta wa Malam a rai ba, domin injin yana bukatar zafin digiri 37.5 ba yankewa har kwana 21, ga shi kuwa ana ɗauke wuta ba sallama. Sai ya koma ga uwargida ya roƙi aron kazar da ta yi kwanci. Aka janye mata nata ƙwan aka sa mata na Brahma guda takwas, iyakar abin da fikafikanta za su iya rufewa ke nan. Uku ne suka ƙyanƙyashe. Da aka fasa sauran, huɗu babu alamar zakara ya taɓa su, kuma wannan sananniyar matsala ce ga kaji masu nauyi da tarin gashi a gindi, har masu kiwonsu kan sa almakashi su rage gashin, ga kuma zafi da ke rage kuzarin zakara.

Cikin ukun da suka fito, ɗaya ƙafarsa sumul take babu gashi, kuma da ya ɗan tasa sai zankonsa ya miƙe tsaye mai haƙora irin na kajin gida. Zankon Brahma na gaskiya gajere ne mai layi uku na ƙananan ƙuraje, kuma shi ne ke rinjaye a gado, saboda haka miƙaƙƙen zanko ba ya bayyana a jikin ɗan tsako sai idan uwa da uba duka suna ɗauke da jinin wata kazar. Ban ɗora laifin a kan mai sayarwar ba, don mai yiwuwa shi ma haka aka sayar masa. Tsuntsaye masu rai suna cikin jerin kayan da Najeriya ta haramta shigowa da su, in ban da ƙwan ƙyanƙyasa, kuma dokar tana da hujja a ƙasar da aka fara tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 a nahiyar Afirka, a jihar Kaduna cikin watan Fabrairun 2006. Sakamakon haka, a fahimtata, kajin adon da ke yawo tsakanin masu kiwo sun fito ne daga 'yan tsirarun iyaye, ana ta haɗa wa da ƙanwa, inda jini ya yi rauni kuma a tsoma wata babbar kaza a ciki, babu kuma wani rajista da mai saye zai duba. Lissafin Malam kuwa gaba ɗayansa ya dogara ne a kan kalmar "tsantsa", domin ita ce mai sha'awa ke biya.

Ranar da zakaran ya faɗi

Azumin shekarar 2024 ya kama ne a watan Maris ya ƙare cikin Afrilu, wato a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kano kan taɓa digiri 40 har ya haura. Zafin jikin kaza kusan digiri 41 ne, kuma ba ta gumi. Hanyoyin da take rage zafi su ne haki da buɗe fikafikai da kuma jinin da ke bi ta zanko da naman da ke reto a ƙarƙashin baki da fatar ƙafa. Brahma kuwa zankon nata ƙarami ne, ƙafar a rufe take da gashi, jikin ga girma, wato duk ƙofofin da zafi zai fita an rage musu faɗi. Kejin da aka gina don tsoron ɓarawo ya ƙara dagula lamarin, domin yana jikin katangar yamma nesa da darbejiya, kwanonsa ya yi ƙasa, bulon kuma yana tare iska daidai tsayin da kajin suke. Kajin uwargida a wannan lokaci sukan tona rami a gindin randa inda ƙasa ke da laima su kwanta abinsu har rana ta yi sanyi.

A goman ƙarshe na azumi, wata rana bayan azahar, mutanen gidan duk sun kwanta saboda tsayuwar dare. Yaron da ke kula da kajin ya cika musu mazubi da abinci da hantsi, abin da bai kamata ba a irin wannan rana, tunda narkar da abinci kansa yana ƙara zafin jiki, ruwan da ke cikin robar kuma ya yi ɗumi har sun ƙaurace masa. Wajen ƙarfe uku yaron ya shigo da gudu yana cewa, "Baba, zakaran ya kwanta, ya ƙi tashi." Aka aiko mini, na tarar da shi a kan siminti, baki a wangame, fikafikai a shimfiɗe, zankon ya yi duhu. Muka tsoma ƙafafunsa a bokitin ruwa, muka jiƙa ƙarƙashin fikafikan, aka tura yaro neman ƙanƙara, wadda a azumi sai an yi layi.

Uwargida ta leƙo daga ɗaki ta dube shi sau ɗaya, ta ce, "Malam, a kawo wuƙa tun yana da sauran numfashi." Wannan ita ce ƙa'idar kowane gidan Bahaushe, dabbar da ta kama hanya akan riga mutuwa da wuƙa don kada ta zama mushe, balle wannan da ba cuta ce ta kayar da shi ba, namansa lafiyayye ne. Malam ya ce ta dakata, ya kira likita yana hanya. Na fahimci abin da ke ransa, domin a idonsa jarinsa ne kwance a ƙasa, kuma yanka shi na nufin mayar da kuɗin tunkiya zuwa miyar dare ɗaya. Kafin likita ya iso zakaran ya buga fiffike sau biyu ya miƙe. Nama mai nauyin kajin Hausa uku aka haƙa rami a bayan gida aka binne, ana saura sa'o'i uku a sha ruwa.

Daga baya an gyara kejin yadda ya kamata a yi tun farko. An shimfiɗa zana a kan kwano, an fasa bulon ƙasa an sa raga, ana rataya jiƙaƙƙun buhuna a gefen da iska ke shigowa, ciyarwa ta koma asuba da bayan magariba, ruwa kuma daga randa ake ɗebowa sau uku a rana. Matan biyu sun tsallake bazarar, amma ƙwai ya tsaya cak har saukar ruwan farko.

Damina ta zo da nata. Gashin ƙafa yana kwasar taɓo da kashi ya dunƙule ya bushe a kan yatsu, fatar da ke ƙarƙashinsa ba ta bushewa, kuma ƙananan ƙwarin da ke shiga ƙarƙashin ɓawon ƙafar kaza suna ɓuya a nan ba a gani sai ƙafar ta yi kaushi ta kumbura. Malam ya koma wanke ƙafar kaza da ruwan ɗumi yana shafa mata man shafawa duk mako, aikin da uwargida ta ce a shekara ashirin na kiwonta ba ta taɓa yi wa kaza ba. Duk da haka ɗaya ta gurgunce. Da ya kai ta kasuwar kaji, dillali ya ɗaga ta a hannu, ya latsa ƙirjinta, ya taya ta a farashin babbar noila, wato kazar da ake kiwo don nama da ƙwai, domin mai sayen kazar miya ba ya biyan kuɗin gashi. Masu sha'awar da za su biya kuɗin iri kuwa suna neman lafiyayyun mace da namiji ne tare. A gida aka yanka ta, wannan karon ba tare da gardama ba.

Abin da ya rage a hannun sauranmu

A ganina ba dukkan abin da ya faru ne laifin kazar ba. Wurin da aka kafa kejin kuskure ne, ciyarwar hantsi kuskure ce, kuma akwai masu kiwon Brahma a garuruwa masu zafi da suke cin nasara, da inuwa da fanka mai aiki da hasken rana da mutum tsaye a kansu. Amma wannan ya riga ya zama wani kiwon daban da wanda muke yi a bayan gida. Kazar gida tana ciyar da kanta ta kuma jira ranar bukata, ita kuwa kazar ado kullum sai an kashe mata, kuma darajarta ba ta fitowa sai an samu wani mai sha'awar da zai saya, wanda shi ma yana lissafin sayar wa wani mai sha'awar ne. Wanda ya ajiye ta don jin daɗin ido, kamar yadda wasu ke ajiye tantabaru ko dawisu, ya san abin da yake biya kuma babu mai ce masa don me. Inda Malam ya zame shi ne ya shigar da sha'awa cikin littafin kasuwanci.

Kowannenmu yana da tasa kazar da yake kallo daga nesa. Telan da ke cikinmu Silkie yake so, 'yar ƙaramar kazar ƙasar Sin mai gashi kamar audugar rimi da yatsu biyar, wadda ta shahara wajen kwanci. Amma gashin nata ba shi da 'yan ƙugiyoyin da ke haɗa gashin kaza ya tare ruwa, don haka ba ta tashi sama, ruwan sama kuma yana jiƙa ta har fata, tana kuma cikin kajin da cutar Marek mai shanye ƙafafun kaji ta fi kamawa, wadda rigakafinta a ranar ƙyanƙyasa ake yi. Sannan fatarta da ƙashinta baƙaƙe ne, kuma telan da kansa ya ce bai ga baƙon da zai ɗaga murfin kwano ya ga baƙin nama ya sa hannu ba. Wani kuma Polish ce ta tafi da shi, mai tukkun gashi kamar an naɗa mata rawani, sai dai tukkun yana rufe mata ido, kuma kazar da ba ta ganin sama a unguwar da shirwa ke shawagi an riga an san ƙarshenta. Ayam Cemani ta tsibirin Java a Indunusiya, wadda gashinta da bakinta da namanta duk baƙi ne wuluk, kowa yana son ganinta, amma ƙwanta kaɗan ne, kuma ƙwan nata ba baƙi ba ne, don haka duk hoton baƙin ƙwai da ake tallatawa da sunanta yaudara ce. Ban da haka, a garin da aka san wanda ke aiken neman baƙin zakara, mai irin wannan kaza sai ya shirya wa surutun maƙwabta da baƙin da ke sallama da dare.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muke raina kazar nan ta gida mai wuya babu gashi saboda muninta, alhali rashin gashin ne ke sa ta jure bazara fiye da 'yan uwanta. Wanda kuma girma yake nema, akwai kajin Fulani, akwai kuma waɗanda aka yi aiki a kansu a cikin ƙasar nan: Shika Brown ta cibiyar binciken dabbobi da ke Shika ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda aka samar don ƙwai, da FUNAAB Alpha ta jami'ar aikin gona da ke Abeokuta da aka yi wa rajista a 2018, da noila ta kamfanin Amo da ke Awe a jihar Oyo, wadda cikin wata uku zuwa huɗu take kai yanka kuma tana iya fita kiwo. Babu wadda ake taruwa a zaure don kallonta a cikinsu, amma dillali ya san farashin kowacce.

Yanzu noila ashirin ne a kejin Malam, yana tanadinsu don ƙaramar salla. Cikin 'yan tsakin nan uku, biyu masu gashin ƙafa ya sayar wa wani matashi daga wata unguwa bayan ya gaya masa gaskiyar jininsu, na ukun kuma ya bi garken uwargida. Brahma ɗayar da ta rage an daina kulle ta, tana kwana a gindin darbejiya kusa da randa, kuma zakaran Hausa na gidan ya samu abin da aka hana shi a bara. 'Ya'yan da aka samu daga wannan haɗi sun fi kajin gidan girma, gashin ƙafarsu ɗan siriri ne, kuma uwargida ta riga ta ce nata ne tunda kazarta ce ta kwanta a kansu. A makon jiya ta yanka ɗaya daga ciki da ƙanin Malam ya zo daga ƙauye.